A cire rabon mage da kare kafin a zuba albasa: yadda ake haɗa musu abin taɓawa a gidajen Duwala

A unguwar New Bell ta birnin Duwala, mage da kare duk ma'aikata ne. Magen da ake gani kwance kan buhun shinkafa a wani shago na kasuwar Congo ko ta Nkololoun, ita ke hana ɓera huda buhun, ita ke hana shi yi wa turamen atamfa ɓarna cikin dare. Karen da ke ɗaure a ƙofar sito ko a bayan garejin gyaran mota kuwa, mai gadi ne da ba ya jiran albashi a ƙarshen wata. Ladansu shi ne abin da aka jefa musu: ragowar tsire, kan kifi, ƙashin kaza, ko ɗan tuwo da miyar da ta kwana.

Mai jefa musu waɗannan abubuwa alheri yake nufi. Sai dai girkin Bahaushe ba ya rabuwa da albasa da tafarnuwa da yaji da magi, kuma a cikinsu akwai abin da ke lalata jinin mage da kare sannu a hankali. Wani abin ma, kamar ɗanyen huhun rago mai ƙurji, idan kare ya ci, cutar kan dawo ne kan yaran gidan. Maganin abin ba ya cin kuɗi: a cire rabon dabbar tun kafin a zuba kayan miya, a dafa shi da ruwa zalla, a ba ta kaɗan, kuma a gari mai laima irin Duwala kada a bari ya daɗe a ajiye.

Unguwar baƙi mai yalwar nama da kifi

New Bell ta samo asali ne daga shirin Turawan Jamus na raba mazauninsu da na baƙar fata. Tun daga 1910 suka ƙudiri aniyar tayar da al'ummar Duala daga bakin kogin Wouri su mayar da su can baya, wurin da suka sa wa suna Neu-Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan ƙwace, kuma a ranar 8 ga Agustan 1914 aka rataye shi. 'Yan ƙasar ba su tare a sabuwar unguwar yadda aka so ba, don haka a zamanin Faransa ta zama masaukin baƙi, irin su Bamileke da Bassa da Ewondo, da kuma Hausawa fatake da mahauta, waɗanda har yau akwai ɓangaren da ke amsa sunansu, wato New Bell Haoussa.

Unguwa ce mai cunkoso, gida na jingine da gida, kwatoci na cika su tumbatsa da damina, ga kasuwanni cike da hatsi da busasshen kifi. Duk inda waɗannan suka haɗu, ɓera da gafiya sun sami gari, shi ya sa mai shago ba ya wasa da magensa.

Ta wani ɓangaren kuma, wuri ne da kayan haɗa wa dabba abinci ba su da wuyar samu. Shanu na gangarowa daga Adamawa da sauran yankunan arewa ta hanyar Ngaundare, ana yanka su a mayankar kamfanin SODEPA da ke Bonendalé a ɓangaren Bonabéri. Sana'ar tsire, wanda a Kamaru ake kira soya, an daɗe da sanin Hausawa da ita. Kifi na fitowa daga bakin ruwan Youpwé, ga kuma kifin ƙanƙara a kowane lungu. Guntayen nama da mahauci ke sharewa daga kan teburinsa da yamma sun isa su riƙe mage kwana biyu.

Wani zai ce, ana fama da cefanen iyali, ina ake ta dafa wa kare abinci? Amsar ita ce abin da ake magana a kai shi ne wanda dama ake ba su, lokacin cire shi daga tukunya ne kawai zai sauya. A addinance ma, sanannen abu ne a Bukhari da Muslim labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle mage ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mazhabar Malikiyya ta halatta ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona. Masu sharhin Risala kuma suna kawo labarin mawallafinta, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, cewa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta hakan, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Duk wanda ya ɗaure dabba dai, cinta da shanta sun hau wuyansa.

Albasa da tafarnuwa

Albasa da tafarnuwa da lawashi dangi ɗaya ne, kuma suna ɗauke da wasu sinadarai da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage da kare. Jikin mutum na jure musu, nasu ba ya jurewa, musamman na mage. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa giram 5 na albasa ga kowane kilo ɗaya na nauyin mage ya isa ya taɓa jininta, na kare kuma daga giram 15 zuwa 30. Ke nan mage mai kilo 3, giram 15 ya ishe ta, wato kimanin babban cokali ɗaya da rabi na yankakkiyar albasa. Tafarnuwa ta ninka albasa ƙarfi sau uku zuwa biyar. Dafuwa ko suya ba sa kashe wannan guba, garin albasa da na tafarnuwa ma sun fi ɗanye haɗari saboda an tattara su wuri ɗaya. Kuma ko kaɗan-kaɗan ake ci kullum a cikin miya, ɓarnar na taruwa.

Abin da ke rikita mutane shi ne alamomin ba sa fitowa nan take, sai bayan kwana biyu zuwa biyar. Dabbar ta yi laushi, ta riƙa haki, dasashinta ya yi fari, fitsarinta ya koma kalar baƙin shayi. A lokacin an manta da ragowar tsiren da aka ba ta, sai zargi ya koma kan maƙwabci cewa shi ya sa mata guba.

Yajin tsire kuwa ƙuli-ƙuli ne da barkono da citta da gishiri da magi, wasu su ƙara garin tafarnuwa. Barkono na jawo amai da gudawa, gishiri mai yawa kuma na wahalar da tsohuwar dabbar da ƙodarta ko zuciyarta ta fara rauni. Mai tsiren da ke son kyautata wa magen rumfarsa, sai ya ware mata tsoka ɗaya ya gasa ta kafin ya tsoma sauran cikin yaji.

Goro, cakulan da madara

Goro na ɗauke da sinadarin kafiyin da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ko fiye, tare da ɗan'uwansa tiyoburomin. Wannan na biyun shi ne ya yi yawa a koko, kuma Kamaru na cikin ƙasashen da ke kan gaba wajen noman koko a duniya, shi ya sa burodi da cakulan ya zama karin kumallon yara da yawa a Duwala. Yaro ya gutsura ya ba kare, a ganinsa zumunci ne. Jikin kare na ɗaukar kimanin awa 17 kafin ya fitar da rabin tiyoburomin ɗin da ya ci. Daga miligiram 20 ga kowane kilo na nauyinsa alamu ke farawa: amai, rashin natsuwa, yawan fitsari. Idan ya kai miligiram 60 sai karkarwa da farfaɗiya. Kare mai kilo 10 zai kai matakin farko da giram 100 na cakulan mai madara, baƙin cakulan da garin koko kuwa kaɗan ya isa. Goron da aka bari a faranti bayan ɗaurin aure, da ragowar shayi ko kofi, duk hukuncinsu ɗaya ne.

Madara ma da ake ganin ita ce abincin mage, yawancin maguna bayan yaye ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, sai ta sa su gudawa. Madarar gwangwani mai zaƙi ta fi muni. Idan dole ne, ƙaramin cokali ɗaya na kindirmo marar sukari ya fi sauƙi a cikinsu.

Sauran abubuwan da ya kamata a nisantar da su sun haɗa da inibi da zabibi, waɗanda kan tsayar da ƙodar kare. Da cingam marar sukari mai sinadarin zailitol, wanda ke faɗar da sukarin jinin kare cikin ƙanƙanin lokaci. Da ɗanyen ƙullin fanke ko na burodi mai yis, wanda ke ci gaba da kumbura a ciki. Da ɗanyen rogo, da ɗanyen makabo ko gwaza mai ƙaiƙayin baki.

Akwai kuma waɗanda ba guba ba ne amma suna huda hanji ko su toshe shi. Dafaffen ƙashin kaza da na rago na tsagewa ya yi tsini. Tsinken tsire, kare na haɗiye shi tare da naman. Totuwar masara, da ƙwallon mangwaro da na fiya, da ledar da aka ƙunsa nama a ciki, duk suna iya tsayawa a hanji har sai an yi tiyata. Kitse mai yawa a lokaci ɗaya kuma na kumbura wata gaɓa da ke kusa da tumbin kare, wadda likitoci ke kira pankiriyas, ciwo ne mai tsanani da kan yi kisa.

Abin da jikin mage ke nema

Kare na iya rayuwa da haɗin nama da hatsi da kayan lambu. Mage kuwa maciyar nama ce zalla. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya samar da isasshensa, dole ta same shi daga nama ko kifi. A 1987 likita Paul Pion da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka tabbatar da cewa ƙarancin taurin ne ke jawo wa maguna wani ciwo da ke sa zuciya ta buɗe ta yi laushi, kuma tun kafin nan an san yana makantar da su. Magen da aka riƙe da shinkafa da miya kaɗai, idan ba ta farautar ɓera, tana cikin wannan haɗari. Zuciyar saniya ko ta rago, da cinyar kaza, da kifi, duk suna da taurin sosai. Da yake yana narkewa a ruwa, kada a zubar da ruwan da aka dafa naman, a haɗa mata da shi.

Kifi kuma a dafa shi. Ɗanyen kifi irin su sardin na ɗauke da wani abu da ke lalata bitamin B1 a jikin mage, idan ta daɗe a kansa sai ta fara tangaɗi da karkace wuya. Zafin wuta na kashe wannan abu. Bandar bonga kuwa ƙayarta ƙanana ce kuma tana da yawa, sai an tsince ta da kyau, idan da gishiri a jiƙa ta a zubar da ruwan. Hanta abinci ne mai kyau amma bitamin A ya yi mata yawa, magen da ake ɗura wa hanta kullum ƙasusuwan wuyanta kan sandare. Ɗan yanki kamar kan yatsa sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

Nawa ya kamata a bayar

Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce abin taɓawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da dabba ke ci a rana. Kare mai kilo 10 na buƙatar kalori wajen 600 a rana, ke nan rabonsa na ƙwalama wajen 60 ne, kusan dafaffen ƙwai ɗaya. Mage mai kilo 4 na buƙatar 200 zuwa 250, rabonta bai wuce giram 15 na dafaffiyar kaza ba, wato cikin babban cokali. Abin da ya wuce haka zai hana ta cin ainihin abincinta, ko ya sa ta teɓa.

Wanda kuma yake dafa wa dabbarsa dukkan abincinta a gida, ya sani cewa tsokar nama kaɗai ba ta da sinadarin da ke gina ƙashi. 'Yan kwikwiyo da 'ya'yan mage da aka raina da nama zalla, ƙafafunsu kan lanƙwashe. Ana cike wannan giɓi da ɓawon ƙwai da aka tafasa aka busar aka daka ya yi laushi, kimanin rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo na nama, amma ya fi kyau a nemi likitan dabbobi ya tsara ma'aunin.

Hanyoyi huɗu masu sauƙi

Na farko, kilishin da ba labu. A sami jan nama marar kitse ko zuciya, a tafasa shi da ruwa zalla har sai babu ja a tsakiyarsa. A yanka shi siriri, tsawon yatsa. A shimfiɗa a kan wayar gashi nesa da garwashin da ya lafa, ana juyawa awa biyu zuwa uku har ya bushe ya riƙa karyewa. Mai tandar gas ko ta lantarki sai ya sa ta a wuta mafi ƙanƙanta, ya ɗan buɗe murfin don tururi ya fita. Ba gishiri, ba yaji, ba mai. Tafasawar farko ita ce ke kashe ƙwayoyin cuta, domin zafin busarwa kaɗai ba ya isa. Kare da mage duk suna cinsa.

Na biyu, dambun kifi domin mage. A dafa kifin ƙanƙara ɗaya, irin wanda a Duwala aka fi sani da maquereau, ko sardin, ba tare da gishiri ba. A cire ƙaya tsaf, a murmushe tsokar, a haɗa da dafaffen ƙwai ɗaya da cokali biyu na ruwan dafuwar. A mulmula ƙanana kamar ƙwayar gurjiya. Biyu ko uku a rana sun isa. Kifin da ya fara wari ko ya daɗe a rana, a yar da shi, domin dafuwa ba ta gyara shi.

Na uku, wainar dankali domin kare. A murƙushe kofi ɗaya na dafaffen dankalin Hausa, a fasa ƙwai ɗaya, a zuba garin shinkafa wajen rabin kofi har ƙullin ya daina kama hannu. A yi ƙananan faifai kamar girman kwabo, a gasa a kasko da wuta kaɗan, ana juyawa har ciki ya nuna. Dafaffiyar kabewa na iya maye gurbin dankali, kuma tana taimaka wa karen da bayan gida ke yi wa wuya. Sukari ko zuma ba su da wuri a ciki.

Na huɗu, romon ƙashi. A dafa ƙashin saniya ko ƙafafun kaza da ruwa zalla awa biyu, a tace, a zubar da ƙashin inda dabbar ba za ta kai ba, a bari ya huce a kwashe kitsen da ya taso. Ana zuba shi kan abinci domin dabbar da ta ƙi ci, ko a daskarar da shi ƙanana a ba kare a watannin zafi na Fabrairu da Maris. Ga mage kuma hanya ce ta sa ta shan ruwa, wanda ke rage mata ciwon mafitsara.

Idan babu lokacin girki, yankan karas, ko ɗan gwanda da kankana da aka cire wa 'ya'ya, ko rabin ayaba, sun ishi kare.

Laimar Duwala da fumfuna

Kilishin da aka shanya a Maraɗi ko Garwa kan bushe ƙayau cikin yini ɗaya ya yi watanni. Duwala ba haka take ba. Ruwan da ke sauka a birnin ya haura milimita 3,500 a shekara, fiye da ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma iskar garin na ɗauke da laima kusan duk shekara, musamman a Yuli da Agusta. Naman da aka dogara da rana wajen busar da shi zai fara ruɓa kafin ya bushe, wanda ya bushe kuma zai sake jan laima cikin 'yan kwanaki.

Saboda haka, dambun kifi da waina da romo kada su wuce kwana uku a firji. A ɓangaren ƙanƙara suna iya kai wata biyu, idan an raba su ƙulli-ƙulli yadda za a riƙa ciro na rana ɗaya. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, ko babu firji, a yi daidai wanda za a cinye a ranar. Busasshen nama a sa shi a kwalba mai murfi, a cinye cikin mako guda.

Babban haɗarin laima shi ne fumfuna. Wadda ke kama gyaɗa da masara na fitar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma kare na cikin dabbobin da ta fi yi wa illa. A 2011 karnuka fiye da 220 suka mutu a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu bayan sun ci abincin kanti mai wannan guba. A farkon 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar da mutuwar fiye da 110 saboda irin wannan dalili. Dafuwa ba ta kashe aflatoksin. Garin masarar da ya dunƙule, da ƙuli-ƙulin da ya yi ɗaci, da gyaɗar da aka tsince aka ware, waɗanda aka saba cewa a ba kare, wurinsu shara. Buhun abincin kanti da aka buɗe ma yana yin fumfuna idan aka bar shi a ƙasa mai sanyi.

Ranar layya

A ranar Babbar Sallah, lungunan New Bell kan koma mayanka, kuma a nan ne kuskuren ciyar da kare ke shafar lafiyar mutane kai tsaye. Wani lokaci idan aka feɗe rago ko saniya, akan ga wani ƙurji mai ruwa kamar ƙwan kaza a jikin hanta ko huhu. Abin da aka saba shi ne a yanke wurin a jefa wa kare. Wannan ƙurji gidan 'ya'yan wata tsutsa ce mai suna ekinokokus. Idan kare ya ci, sai su girma a hanjinsa su zama tsutsotsi da tsawonsu bai wuce milimita 6 ba, shi kuma ba ya nuna alamar ciwo. Ƙwayayensu na fita a kashinsa, su manne a gashinsa, su shiga ƙasar tsakar gida da ruwa. Yaron da ya yi wasa a wurin ya kai hannu baki, sai irin wannan ƙurji ya fara girma a hantarsa ko huhunsa, shekara da shekaru ba a sani ba, har ta kai ga tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutane fiye da miliyan ɗaya ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya.

Duk gaɓar da aka ga ƙurji a jikinta, a ƙone ta ko a binne ta da zurfi. Kayan cikin da ake ganin lafiyarsu ƙalau ma, a tafasa su minti 30 kafin a ba kare. A ɗaure shi nesa da wurin fiɗa, kuma a riƙa ba shi maganin tsutsa mai suna farazikwantel aƙalla sau huɗu a shekara bisa ma'aunin likita. Mage ma kada a ba ta ɗanyen nama, domin ta nan take ɗaukar cutar toksofilasma, wadda ke da haɗari ga ɗan tayi. Mace mai ciki ta bar wa wani kwashe kashin mage.

Idan ta riga ta ci

Idan aka ga dabba ta ci ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, a garzaya wurin likitan dabbobi da ragowar abin ko takardarsa, kada a jira alamu. Awanni biyun farko su ne lokacin da likita zai iya sa ta amayar da shi. Ɗura mata manja ko madara ba ya karya guba, ruwan gishiri kuma guba ce ta biyu. Maganin mutane ma a bar shi a kwabarsa: ƙwayar farasitamol ɗaya na iya kashe mage, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak na huda tumbin kare su lalata ƙodarsa. Gidan da ke da mage ya yi hattara da maganin ɓera, domin tana iya cin abin da aka barbaɗa wa maganin, ko ɓeran da ya ci. Irin wanda ke tsinka jini sai bayan kwana uku zuwa biyar yake nunawa, kuma yana da makari, bitamin K1, idan an kai ta da wuri.

Abin taɓawa da allurar rigakafi

Akwai wani amfani na wannan ɗan abinci da ya wuce cika ciki. Karen da ya saba karɓar kilishi daga hannun mai shi yana amsa kira, yana tsayawa a sa masa igiya, ana iya ɓoye masa ƙwayar magani a cikin waina. Wanda ba a taɓa kusantarsa ba sai da jifa, ranar allura babu mai iya kama shi.

Ciwon haukan kare na kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi, cutar na daina yawo. A Kamaru ma'aikatar kiwo da kamun kifi, MINEPIA, ita ke kula da wannan aiki, kuma an saba shirya gangamin allura a daidai ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Maguna ma ana yi musu, domin su ma suna ɗauka. Wanda kare ko mage suka ciza ko suka yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Daga yanzu zuwa gangami na gaba, mai kare na da isasshen lokacin saba masa da hannunsa. Yanki ɗaya na busasshen nama a rana ya isa: a kira sunansa, idan ya zo a ba shi, a shafa wuyansa inda allura za ta shiga.